Ladani Mai Albasa

Garinmu yana bakin Gulbin Gagere, idan ka bar Kaura Namoda ka nufi wajen Shinkafi. Da damina gulbin nan ba ya gaisawa da kowa. Ya cika ya batse, ya zaftare gonar wani ya kai wa wani, ya tafi da jaki idan ya samu. Amma da an girbe gero da dawa rani ya kankama, sai ya koma abin tausayi: yashi fari fat iya ganinka, da wani siririn ruwa yana lallaɓawa a gefe guda kamar mai ciwon ƙafa. A kan wannan siririn ruwan muke noman albasa, mu da mutanen garin da ke ƙasa da mu, tafiyar kamar rabin sa'a a ƙafa. Mu ne na sama, su ne na ƙasa. Ruwa sai ya bi ta ƙofarmu kafin ya kai gare su, kuma ba mu taɓa bari sun manta da haka ba.

Ni malamin firamare ne, kuma ni ne ladanin masallacin garinmu. Ladancin gadonsa na yi. Mahaifina ya riƙe shi tsawon rayuwarsa ba agogo ba lasifika, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa cewa ya yi gaba ko ya yi baya ba. Ni na zo a zamanin sola da batir. Murya kuwa, ba yabon kai ba, idan na buɗe ta har garin ƙasa ana jina raɗau. A can na yi aure. Surukina dattijo ne manomin albasa, marar yawan magana, wanda idan na je gaishe shi nake durƙusawa tun daga bakin zaure. Na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa.

Zamanin da ake ban ruwa da jigo da ƙwarya, ruwan ya ishi kowa, don hannu yana gajiya. Inji kuwa ba ya gajiya. Da injinan ban ruwa suka yawaita, sai ya zama tiyo ya fi ruwan kauri. Mutanenmu suka tattara buhunan taki, suka cika su da yashi, suka datse gulbin, ruwa ya taru ya zama ɗan tafki a ƙofarmu. Na ƙasa suka wayi gari suka ga yashi. Suka zo da lauje suka farke buhunan. Muka ɗinke. Suka sake farkewa. Abin ya kai har aka yi suna a garin ƙasa, mutanenmu suka je suka cinye tuwo tas, suka taso ba wanda ya yi wa maigida barka ta kirki. Ga kuma Fulanin rugar da ke bayan gari, waɗanda mashayar shanunsu take tsakanin garuruwan biyu. Su ba su datse ba, ba su farke ba, amma su ne suka fi kowa shan rana.

Ardonsu ne ya yi ta kai da kawowa har aka yarda a zauna. A waɗancan shekarun hanya ba ta lalace ba tukuna, ana tara manomi da makiyayi a tabarma ɗaya ba mai waiwayen bayansa. Sai dai maigarinmu ya ce ba zai taka garin ƙasa ba, nasu ma ya ce ba zai hau namu ba. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya da ke bakin mashaya, wadda kowane gari yake rantsuwa tasa ce.

An yi hayaniya, an tono har rigimar kakanni a kan wata akuya. Amma da rana ta take kowa ya ji yunwa, sai hankali ya dawo. Aka amince datsin ya zauna. Da magariba a rufe shi ruwa ya kwana yana taruwa, da safe mu na sama mu sha, da tsakar rana a buɗe, abin da ya rage a tafkin da abin da ke gangarowa ya wuce, shanu su sha a mashaya, na ƙasa su yi ban ruwa har faɗuwar rana. Magariba ba ta da gardama, kowa yana ganin rana ta faɗi. Saura lokacin buɗewa.

Wani ya ce ƙarfe biyu.

Maigarin ƙasa ya ce, "Ƙarhe biyun wa?"

Nan take kowa ya zaro waya. Ta maigarinmu ta faɗi nata, ta nasu ta faɗi abin da ya sha bamban da minti kusan ashirin. Ardo ya miƙo tasa a duba masa, aka ga ita a wurinta ma gari bai waye ba, kuma shekarar da take ciki an daɗe da wuce ta. Aka fashe da dariya, amma magana ta tsaya cik, don ba wanda zai yarda ruwansa ya rataya a aljihun wani.

Sai surukina ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ku aje agogo. Agogo na mai shi na, inda yaj juya shi nan shika tsayawa. A yi da kiran azahar na masallacin sama. Mu duka muna jinai, har shanu. In yak kira, a ɗebe buhu."

Wani matashi daga cikin na ƙasa ya ce, "Baba, ladanin ga hwa yana da albasa bakin datsi."

Surukina ya ce, "Na sani. Na san ubanai, kuma ɗiyata na ɗakinai. Ni na tsaya mai."

Ina zaune can bayan mutane, kaina a sunkuye kamar yadda ya kamata, amma in faɗi gaskiya kan nan ya kumbura har hulata ta matse ni. Aka shafa fatiha aka watse. Daga ranar duk ruwan Gagere na garuruwa biyu da ruga guda ya koma jiran maƙogwarona, kuma mutumin da nake jin nauyinsa fiye da kowa a duniya ya sa mutuncinsa jingina a kaina.

Makon farko, wallahi, ko alƙali ba zai nuna mini adalci ba. Biyu daidai nake kama lasifika. Ina sauke "Allahu akbar" ta farko sai ka ji injina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu ɗebe buhu su ɗebe, ruwa ya kama hanya. Nakan fito daga masallaci ina taku kamar wanda ya haƙa gulbin da hannunsa.

Matsalata ɗaya ce. Inji guda muke tarayya da wani taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda gonarsa take jikin tawa. Shi yana gona tun asuba, ni kuwa ina aji ina fama da 'yan aji huɗu. Sai an tashi makaranta, wajen ɗaya saura, nake isa bakin gulbi in karɓi tiyo. Wato duk garin ba wanda sa'ar ƙarshen nan kafin azahar ta fi yi wa daɗi kamar ni. Ban lura da haka ba ranar da ake zaman tsamiya. Matashin nan na garin ƙasa ya lura.

Wata rana inji ya ƙi tashi. Muka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, muka cire fulogi muka hura muka goge, sai da ya ga dama ya kama. Na duba agogo, biyu saura biyar, ga fangali huɗu ba su sha ba. Fangali shi ne ɗan ɗakin da ake yi wa shuka da bakin ƙasa don ya riƙe ruwa, kuma waɗannan huɗun su ne albasata ta fi kyau a ciki, ta fara sa kai. Na ajiye tiyo zan tafi.

Taubashina ya ce, "Ina za ka, Sarkin Ruwa?" Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun ranar zama.

Na ce, "Lokaci ya yi."

Ya ce, "Wa yac ce? Kai ar rana, kai al lokaci. In ba ka kira ba, azahar ba ta yi ba."

Na ce, "A'uzu billahi! Kai dai ba ka tsoron Allah."

Na faɗi haka da ƙarfi don duk wanda ke kusa ya ji. Sannan na ɗauki tiyo na ba fangalin nan huɗu ruwa. Minti goma ne kacal. Na je na yi kira, ina jiran a zo a tambaye ni. Ba wanda ya zo. Limaminmu tsoho ne, kirana ne yake tashinsa daga ƙailula, kuma ranar ya fito fuskarsa a sake fiye da kullum.

Kashegari inji lafiyarsa ƙalau, amma na ga ai minti goma ba ta kashe kowa ba jiya. Bayan kwana uku ta zama sha biyar. Sai na tuna ai a littafi ma an yarda a ɗan jinkirta azahar idan zafi ya tsananta, ga shi kuwa bazara ta shigo. Na faɗa wa taubashina wannan mas'ala sau ɗaya tak. Kafin mako ya zagayo duk manoman garinmu sun zama malamai. Mutanen da ban taɓa gani a karatun liman ba, su ne suke tare ni a hanya suna cewa, "Malam, yau hwa zahi ya yi yawa, a tausaya ma bayin Allah." Wannan ya miƙo tumatir, wancan ya ajiye mini rake a kan babur. Ni kuma ina karɓa ina cewa Allah ya saka da alheri, ina gaya wa kaina ai kyauta ce tsakanin Musulmi. Biyu da rabi ta zama gidana. Akwai ranar da na kusa taɓa uku.

Ba na tunanin abin da injina goma sha wani abu suke yi wa ɗan tafki a cikin rabin sa'a. Ko kuma in ce ina tunani, sai in kawar da kai.

Waɗanda suka fara tona mini asiri shanu ne. Wata rana Ardo ya same ni a gona, sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke kwarara a fangalina. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya yaba albasa.

Sannan ya ce, "Malam, na zo da shawara. Shanuna sun koyi azahar. Da biyu ta yi sai su miƙe, su juya wajen masallacinka, su yi ta kuka. Akwai wata farar saniya, ko minti ba ta kuskurewa. Na ce ko za ka ara mata lasifika, kai ka huta?"

Taubashina ya faɗi a kan kunyar gona yana dariya. Ni ma na yi dariyar, amma ta leɓe ce. Na ce masa dabba ba ta san zafi ya sa a jinkirta ba. Ya ce haka ne, ita ƙishirwa kaɗai ta sani. Ya juya ya tafi abinsa.

A gida kuma maiɗakina ta canja. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Takan je garinsu duk bayan kwana biyu ta dawo. Ta ajiye mini tuwo ta koma gefe tana tsince wake. Wata rana ina cikin ci ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, yau ma rana ta makara ko?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ture kwano, na hau bayani. Na kawo zafi, na kawo faɗin lokaci, na ce mata ita ba ta yi karatun nan ba, na ce tun da aka ba ni wannan aiki kowa ya sa mini ido. Ta bar ni na gama tas.

Ta ce, "Ni tambaya ɗai niy yi."

Ta ɗauke kwanon, ga shi ban ƙoshi ba, kuma girman kai bai bar ni na ce a dawo da shi ba.

Kusan mako uku aka yi a haka, sai saƙo ya zo cewa a sake haɗuwa a gindin tsamiya. Na saka babbar riga, na ɗauki littafi a hammata don a san da wa ake magana. Da muka isa na tarar na ƙasa sun riga mu, kuma sun zo da kwando. Matashin nan ya ɗauko shi ya ajiye a gabana. Albasa ce aka tumɓuko, lawashinta ya yi rawaya ya kwanta, kanta bai fi ƙwallon goruba ba, a lokacin da tawa ta kusa cika tafin hannu.

Ya ce, "Malam, ga ladar kiran salla mun kawo ma."

Wuri ya kaure. Wasu na cewa a cire ni, wasu na cewa a koma farke buhu, mutanenmu kuma suna ihu wai an zagi malaminsu, su da suka saye ni da rake. Na miƙe na buɗe littafi. Na yi jawabi mai kyau, har yau ina ganin mai kyau ne in da a wani wuri aka yi shi. Na nuna musu lokacin azahar faɗi gare shi, ban taɓa fitar da salla daga lokacinta ba, duk wanda ya ce na yi ya kawo hujja.

Limamin garin ƙasa ya ce, "Gaskiya ta, Malam, sallarka ta yi. Albasa ta ba ta yi ba."

Sai kowa ya juya wajen surukina, don shi ne ya tsaya mini. Gonarsa tana can ƙarshen layi, kuma na san cikin kwandon nan akwai tasa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauka. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce in sauka daga ladanci. Ya daɗe yana murza carbi.

Ya ce, "Laihin nawa na. Na ɗora mai gulbi bisa wuya, alhali albasatai duk wuri guda take. Ko ni anka yi ma haka, ban san abin da zan yi ba. Ina da fangali shida can wutsiyar gonata. Na ba shi su, kyauta. Shi ba su ruwa, shi cire, shi kai kasuwa. Kira kuma shi ci gaba da kiranai."

Sai Ardo ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya dafa tsamiya. Daga nan ta kama na ƙasa, sannan ta kama namu, waɗanda suka fi kowa jinkirin ganewa. A ƙasarmu ba a mayar wa suruki kyauta, balle a gaban garuruwa biyu. Na durƙusa na yi godiya. Taubashina ya matso kunnena ya ce, "Sarkin Ruwa, an ɗaure ka da lawashi."

Kashegari na yi kira biyu da kwata. Kada a ce don an ba ni gona na gyaru. Ana sallamewa na hau babur na gangara garin ƙasa in ga dukiyata.

Shekara arba'in ina zaune a bakin gulbin nan, ban taɓa tsayawa na jira ruwa ba sai ranar. Na tarar da maza zaune a kan gaɓa, kowa da tiyonsa a hannu, ido yana sama wajen garinmu. Suka matsa mini wuri, wannan ma ya fi zagi ciwo. Muka zauna. Can sai ga ruwan yana tahowa, wani ɗan harshe mai kumfa, yana tafiya yana tsayawa, don yashin da ya yini a rana sai ya sha nasa ya ƙoshi kafin ya bar saura ya wuce. A mashaya shanu suka sha nasu. Abin da ya iso gare mu sai da aka haƙa masa rami ya taru kafin inji ya iya ja. Na farkon layi suka fara, ana bi da bi. Wutsiyar gonar surukina ita ce ƙarshen ƙarshe. Lokacin da tiyo ya zo hannuna rana ta yi ja, na ba fangali biyu ruwa, ina cikin na uku na tuna wanda zai kira magariba a rufe datsi. Ni ne. Na ajiye tiyo na hau babur na je na yanke wa kaina ruwa da bakina.

Kashegari biyu daidai na kira. Wasu ma sun ce biyu saura.

Nan fa garinmu ya juya mini baya. Tumatir ya ɗauke, rake ya ɗauke. Malaman zafin nan suka fara cewa an saye ladani da fangali shida. Taubashina ya riƙa ɓoye mini takalmi idan lokaci ya gabato, har sau biyu na je masallaci ba takalmi a kan yashi mai zafi ina tsalle kamar ɗan akuya. Amma abin mamaki, albasarmu ta sama ba ta mutu ba. Ashe rabin sa'ar nan da muke sata yawancinta ambaliya take yi ta bi kunya ta koma yashi. Da aka ga haka aka fara zama a gindin tsamiya duk Juma'a bayan an sauko, a yi ƙorafi, a yi musu, a ci gyaɗa a tashi. Ba wai rigima ta ƙare ba ce. An yi wata babba a kan wanda zai sayi sababbin buhuna, an yi wata a kan masu tifa da suka fara kwasar yashi kusa da mashaya. Amma ba a sake zuwa da lauje ba. Har mutum biyu daga garinmu suka yi musanyar fangali da na ƙasa, wai su ma suna son su ga abin da nake gani.

Ni kuwa na mayar da abin labarin ban dariya. Duk inda na zauna sai na ba da shi: yadda tsoho ya yi mini tarko da kyauta, yadda na faɗa ciki da babbar riga da littafi. Ina ba da shi da daɗi, don a cikinsa laifina ƙarami ne, wayon tsoho ne babba.

Da aka cire albasa, wata ranar Asabar da hantsi muna tsakar gida ni da maiɗakina muna ware manya da ƙanana. Ta fangali shidan nan duk ƙanana ce, ruwan da ta rasa a makonni ukun nan bai dawo ba. Na ɗaga wata 'yar mitsitsiya ina dariya.

Na ce, "Baba dai ya iya dabara. Ya ga albasarsa za ta tafi, sai ya ɗaure ni da shida ya ceci saura."

Ta ajiye wadda ke hannunta.

Ta ce, "Albasa kaka gani?"

Na ce, "To mene ne?"

Ta ce, "Kwanakin nan da kaka makara, in ladaninmu yak kira, mutane sun tahi masallaci, Baba ba ya zuwa. Shi yi alwala, shi shimhiɗa buzu cikin zaure, shi zauna. A ce mai, Baba an tada salla. Shi ce, ladani bai kira ba tukuna. Sai ya ji muryakka, kana shi tashi shi yi tashi shi ɗai."

Na ce, "Don me? Ai nasu ladanin a kan lokaci yake."

Ta ce, "Ya sani. In yab bi su, ya hwaɗa ma gari ke nan kai ka makara. Shi ko ya ce ya tsaya ma." Ta ɗauki albasar ta ci gaba da warewa. "Tun da nit tashi ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, ko yana ciwo. Inna ta yi magana, yac ce ta bari. Ni ma ya hana ni in hwaɗa ma. Amma na gaji da jin kana dariya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, har da ta ranar kwando. Ranar kwando albasa aka ajiye a gabana, kuma albasa ana sake dasa ta. Wannan kuwa tsoho ne zaune shi kaɗai a zaure da alwalarsa, kwana wajen ashirin, sahu yana tsayuwa babu shi, yana sauraron iska, ni kuma ina can ina shan rake.

Na hau babur na gangara. Na same shi a zaure yana gyara igiyar jaki. Na durƙusa a inda na saba. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, amma da na buɗe baki gaisuwa ce kawai ta fito. Ya amsa. Ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko albasar ta yi auki, na ce ta yi, Baba, alhamdulillahi. Na ce, "Baba," sai maƙogwaron nan da ake ji a garuruwa biyu ya ƙi aiki. Na daɗe a durƙushe, shi kuma yana ta murɗa igiyarsa kamar ba ni nan.

Can ya leƙa waje ya dubi rana.

Ya ce, "Tashi ka koma, Malam. Mutane na jiranka."

Na tashi na koma. A ranar, datsi ba ya nan, an gama noman rani, ba inji ko ɗaya a bakin gulbi. Na isa masallaci da sauran lokaci, na yi alwala, na zauna kusa da lasifika ina kallon agogo har ya kai.